Faggio: Ƙaramin Babur a Birnin Ɓarayin Mota

Tun daga shekarar 1997 da kamfanin DMA Design na garin Dundee a Scotland ya fitar da wasan farko na Grand Theft Auto, abin da jerin wasannin ya yi suna a kansa shi ne abin hawa: mai wasa ya tare direba a tsakiyar titi, ya fizgo shi waje, ya shige motarsa, ya taka totur. Daga nan aka yi ta ƙara kaya shekara bayan shekara. Aka kawo motocin tsere irin su Infernus da Cheetah da Banshee, aka kawo jiragen ruwa da jirage masu saukar ungulu, har da tankar yaƙi da ake kira Rhino. A cikin wannan tarin ƙarfe akwai wani ƙaramin babur mai suna Faggio, wanda ya fara fitowa a wasan Vice City cikin watan Oktoba na 2002, kuma tun daga lokacin bai ɓace ba: yana cikin San Andreas na 2004, da Liberty City Stories na 2005, da Vice City Stories na 2006, da GTA IV na 2008, da GTA V na 2013. Ba shi da gudu, ba shi da kariya, ba ya tsorata kowa, kuma kusan duk motar da ke kan titi tana iya wuce shi. Da yawa daga masu wasan suna ɗaukarsa abin dariya da aka jefa don cike gurbi. Ni ina ganin akasin haka. Wannan babur yana daga cikin 'yan abubuwan da ke sa biranen wasan su zama birane, ba filin tsere da harbe-harbe kawai ba, kuma idan ana son a gane ko masu ƙera irin waɗannan wasanni sun gina wurin da ya yi kama da inda mutane ke rayuwa, abin hawa mafi rauni a cikinsa ya kamata a duba, ba mafi ƙarfi ba.

Faggio kwaikwayon Vespa ne, kuma ba a fahimtar matsayinsa sai an san dalilin da ya sa aka ƙera Vespa. Kamfanin Piaggio na Italiya, wanda Rinaldo Piaggio ya kafa a 1884, yana ƙera jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an yi wa masana'antarsa ta Pontedera ruwan bama-bamai. Da aka gama yaƙi, ƙasa ta talauce, tituna sun lalace, mota ta fi ƙarfin talaka. Enrico Piaggio ya ɗora wa injiniyan jirage Corradino D'Ascanio aikin ƙera abin hawa mai araha. D'Ascanio ba ya ƙaunar babur irin na wancan zamani, domin yana ɓata tufafi da mai da taɓo, kuma hawansa sai an ɗaga ƙafa an haye. Sai ya ɓoye injin a gefen tayar baya, ya kawar da sarƙa, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya bar fili tsakanin sirdi da kan babur yadda mutum zai zauna kamar a kujera, ya mai da canjin giya a hannu, ya riƙe tayar gaba da hannu guda irin na ƙafar saukar jirgi. An yi rajistar ƙirar a watan Afrilu na 1946, injin na farko sisi 98 ne, kuma zuwa 1956 an ƙera miliyan guda. Fim ɗin Roman Holiday na 1953, inda Audrey Hepburn da Gregory Peck suka zaga birnin Rum a kansa, ya ƙara masa farin jini, amma tushensa bai sauya ba: abin hawan ma'aikaci ne, da mace mai siket, da limamin coci mai doguwar riga. Wannan ƙira ce ta sa ya karɓu a arewacin Nijeriya, inda malamin makaranta ko akawu zai hau da babbar rigarsa ya isa wurin aiki ba tare da ta ɓaci ba. Saboda haka da masu ƙera Vice City suka sa shi a titunansu, sun sa alamar mutumin da ke da wurin zuwa da safe kuma yake son ya isa a tsaftace, a cikin garin da labarinsa na masu safarar hodar iblis ne.

Wasan GTA III na 2001, wanda ya fara kai jerin ga duniyar da ake gani ta kowane ɓangare, ba shi da babur ko ɗaya. Vice City ne ya kawo su, bayan DMA Design ya koma Rockstar North a Edinburgh, kuma an zaɓe su ne yadda kowanne zai tsaya a madadin wani irin mutum. PCJ-600 na mai son gudu ne, Freeway da Angel na gungun masu manyan babura, Sanchez na mai bin daji da tudu, Faggio kuwa na sauran jama'a. Gudu ba ya da ma'ana sai an gwada shi da rashin gudu. Wanda ya sauka daga Faggio ya hau PCJ-600 yana jin bambancin a yatsunsa, kuma wannan jin shi ne ribar da wasan ke biyan mai wasa da ita. Da a ce kowane abin hawa yana tashi kamar kibiya, da cikin awa guda gudun ya zama ba komai. Akwai kuma batun labari. Vice City yana faruwa ne a 1986 a wani birni da aka kwaikwayo daga Miami, kuma ya buɗe da Tommy Vercetti, wanda ɗan fim Ray Liotta ya yi wa murya, ya rasa kuɗi da kaya a wani kwanton ɓauna. Lokacin da aka fara miƙa wa mai wasa linzami kusa da ofishin lauya Ken Rosenberg, abin da ke kusa da shi wata mota ce ta yau da kullum da wannan ƙaramin babur. Mutumin da zai ƙare da katafaren gida da jirgi mai saukar ungulu a kan rufinsa ya fara ne daga nan. San Andreas ya maimaita dabarar da keke: Carl Johnson ya dawo gida, 'yan sanda suka jefar da shi a unguwar abokan gaba, abin da ya samu ya tsira da shi keken BMX ne. Labarin hawa sama yana buƙatar ƙasa da za a taso daga gare ta, kuma dole mai wasa ya taɓa zama a ƙasan da kansa, ba a gaya masa kawai ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce abin da ake gani daga kan sirdinsa. Ɗaruruwan mutane ne ke aikin gina waɗannan birane, kuma mafi yawan aikin nasu yana cikin abubuwan da ba su da alaƙa da harbi: allunan shaguna, rubuce-rubucen bango, fitilun otal-otal na bakin teku, surutun masu tafiya a ƙasa, bambancin unguwar masu kuɗi da ta matalauta idan an ƙetare gada. Wanda ke cikin Infernus idonsa na kan ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo da kuma kwanar da ke gaba. Garin ya zama launuka masu wucewa. Wanda ke kan Faggio yana da lokacin karanta allo, ya ji ƙarshen gardamar da mutum biyu ke yi a bakin titi, ya lura cewa gidaje sun fara tsufa tun kafin taswira ta gaya masa ya shiga wata unguwa. Shirye-shiryen rediyon wasan, waɗanda cikinsu ne marubutan suka zuba mafi yawan sukar da suke yi wa siyasa da talla da son abin duniya na Amurka, suna da tsawo, kuma mai tafiya a hankali ne ke jin su har ƙarshe. Raunin babur ɗin ma yana koyar da gari. Idan taurarin da ke nuna yadda 'yan sanda ke neman mutum suka kai biyu ko uku, mai mota mai ƙarfi zai miƙe babban titi ya tsere. Mai Faggio ba shi da wannan hanya. Dole ya san lungun da motar 'yan sanda ba za ta shiga ba, da matattakalar da za a iya gangarawa, da ratar da ke tsakanin gini biyu. Wanda ya taɓa tsira a haka ya san birnin sanin ɗan gari, irin sanin da ɗan acaɓa ke yi wa lungunan cikin ganuwa wanda mai babbar mota ba zai taɓa yi ba ko da ya shekara ashirin yana wucewa ta bakin titi.

Sannan akwai aiki. A duniyar da kusan kowace hanyar samun kuɗi sata ce ko kisa, wannan babur ne aka fi ɗora wa sana'ar halak. A Vice City akwai ɗan'uwansa Pizza Boy mai akwati a baya, na shagon Well Stacked Pizza. Mai wasa yana ɗaukar kwalin fiza shida, ya kai wa masu jira kafin lokaci ya ƙare, ya komo shago ya sake lodi, mataki bayan mataki har goma, kowane mataki da ƙarin mai saye. Ladan wanda ya kammala shi ne ƙarfin jikinsa ya tashi daga 100 zuwa 150 har ƙarshen wasan. A lura da wannan: ɗaya daga cikin lada mafi amfani a wasan 'yan daba an ɓoye shi ne a bayan aikin ɗan aike. San Andreas ya sa aikin kai saƙo a kowane ɗaya daga biranensa uku, kuma na Las Venturas a kan Faggio ake yinsa daga wani shagon Burger Shot. Liberty City Stories ya ƙara da Noodle Boy mai kai taliya. Akwai sauran ayyuka irin su tuƙa tasi da motar asibiti da ta kashe gobara, amma waɗannan motoci ne masu nauyi da ke ba mai tuƙi wani iko a kan titi. Mai kai abinci a babur ba shi da jiniya, ba wanda ke kauce masa, agogo na cinsa, mota ɗaya ta goge shi ya faɗi. Shekaru da dama kafin manhajojin waya su cika biranen duniya da samari masu kai abinci a babura, wannan wasa ya riga ya sa miliyoyin mutane sun ɗanɗana yadda wannan aiki yake daga ciki.

Mai suka zai ce na ɗora wa abin wasa nauyin da masu shi ba su nufa ba, kuma hujjarsa tana cikin sunan. An ƙirƙiro shi ne ta hanyar lanƙwasa sunan Piaggio yadda zai yi kama da wata kalmar zagi ta Ingilishi, irin zagin da ake nufin cire mutum daga sahun maza. Wannan gaskiya ne, kuma ba abin karewa ba ne. Barkwancin Rockstar a waɗancan shekaru yakan gangara zuwa na samari marasa kunya, kuma sun taɓa biyan kuɗinsa: a 2003 al'ummar Haiti mazauna Amurka sun yi zanga-zanga kan wasu kalamai na Vice City, har kamfanin ya cire su daga bugun da ya biyo baya. Saƙon da sunan ke ɗauke da shi a fili yake, wato namiji na gaske ba ya hawa irin wannan. Sai dai abin da aka nufa da suna daban, abin da aka ƙera daban. Wanda ya zana babur ɗin ya zana shi da kulawa: zagayayyar fitila, garkuwar ƙafa, kumburin murfin inji, siririyar ƙarar da ba ta yi kama da ta kowane babur ba. Wanda ya tsara tuƙinsa ya ba shi sauƙin juyawa da wuyar yar da mahayi, abin da ya sa sabon shiga ya fi samun natsuwa a kansa fiye da kan PCJ-600 da ke wurgi da mutum idan ya daki ƙaramin abu. Abin da ake son a yi masa dariya a wuce ba a yi masa irin wannan aiki, kuma ba a sake ƙera shi wasa bayan wasa sama da shekara goma. A GTA IV an sauya masa kama zuwa ta baburan zamani masu jikin roba, amma ba a daɗe ba ƙarin labarin The Ballad of Gay Tony na 2009 ya dawo da tsohuwar siffar, kuma ita ce ta zauna a GTA V.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Za a ce ƙaramin babur ba ya wanke wasan da ginshiƙinsa kisa ne. A gaskiya ma, yadda ake jefa kwalin fiza ga mai saye daga kan babur, da maɓallan da ake harbi daga cikin mota ake yinsa. An cire harsashi ne aka sa abinci. Kuma a cikin Vice City ɗin akwai aikin da ake kira Road Kill, inda wata murya a wayar kan titi ke umurtar Tommy ya kashe wani mai kai fiza kafin ya gama rabonsa. Wato ɗan aiken da mai wasa ya zama jiya, yau shi ake sa shi ya bi ya take. Ba na musun ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba na cewa Faggio ya mai da GTA wasan yara. Hukumomin tantance wasanni sun sa masa shekara 17 a Amurka da 18 a Turai, kuma iyayen da 'ya'yansu ke buga San Andreas a waya ko a shagon gem ya kamata su ɗauki wannan iyaka da gaske. Kan batun ko irin waɗannan wasanni suna mai da mutum mai laifi, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar da za ta ɗora musu alhakin aikata tashin hankali a zahiri, kuma tun a 2011 kotun ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar California da ta hana sayar wa yara su. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ce wasan yana da tarbiyya ba, ni ma ban ce ba. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta: laifi ba ya zama laifi a labari sai akwai zaman lafiyar da ya keta. Aikin Road Kill yana da ɗaci ne ga wanda ya taɓa yin rabon fiza da kansa, ya san cewa wanda yake bi ɗin yana ƙoƙarin cika adadi ne kafin agogo ya buga. Idan aka kwashe masu ƙananan babura da masu sayayya da masu jiran bas daga titi, abin da zai rage ba duniyar laifi ba ce, filin atisaye ne, kuma a filin atisaye ba wanda ke jin komai idan ya harbi allo. Duk ɗan abin da ya rage na nauyin zuciya a wasan, daga irin waɗannan mutane yake fitowa.

Wasu kuma za su ce duk wannan magana ce ta takarda, domin a aikace ba mai hawansa: da zarar mota ta wuce, an yar da shi. Ga mai wasa da ke sauri ya gama aiki, haka ne. Amma tarihin GTA Online, ɓangaren GTA V na intanet, ya nuna wani abu dabam. Masu wasa da kansu suke shirya tseren Faggio zalla, suke gwada hawa dutsen Chiliad da shi, suke taruwa su yi jerin gwano a titunan Los Santos, birnin wasan, domin idan kowa yana kan abin hawa mai rauni iri ɗaya, gwaninta ce ke rarrabewa ba kuɗi ba. Kamfanin ma bai manta da shi ba. A cikin labarin GTA V akwai wurin da ake tarar da Trevor, mafi hatsari a cikin jaruman uku, yana bin wani baƙo a ƙaramin babur yana kiransa ɗan'uwa saboda kawai suna hawa iri ɗaya, kuma wannan ɗan guntun abu ya zama daga cikin waɗanda masu wasan suka fi tunawa. A watan Oktoba na 2016, cikin ƙarin da aka kira Bikers, wanda aka yi domin masu manyan babura, an saka Faggio Sport da Faggio Mod. Na biyun ana iya cika gabansa da madubai da fitilu birjik, kuma wannan ba ƙirƙira ba ce. Ado ne na matasan Birtaniya da ake kira Mods, waɗanda a shekarun 1960 suka zaɓi Vespa da Lambretta saboda ba sa ɓata musu kwat, suka yi arangama da masu manyan babura a garuruwan bakin teku irin su Brighton a 1964, labarin da fim ɗin Quadrophenia na 1979 ya ɗauko. Masu ƙera GTA 'yan Birtaniya ne da ke zana Amurka daga nesa, kuma tun a GTA: London 1969 da ya fito a 1999 an sa babur ɗin Mods. A ƙasarsu wannan abin hawa yana da tarihin taurin kai da ƙwalisa, ba na rauni kaɗai ba.

Inda hujjar ta fi fitowa fili shi ne abin da ya faru da aka bi ɗaya hanyar har ƙarshenta. GTA V ya tara dala biliyan guda cikin kwana uku da fitowarsa, an sayar da fiye da kwafi miliyan 200, kuma ɓangarensa na intanet ya rayu ne a kan sayar wa masu wasa abin hawa da ya fi na jiya. Kowane sabon ƙari dole ya kawo abin da ya fi gudu ko ya fi kisa, har aka kai ga Oppressor Mk II a 2018, babur mai tashi sama yana harba makamai masu linzami. Mai shi ba ya buƙatar titi, ba ya buƙatar gada, ba ya buƙatar sanin lungu; yana tashi daga wannan kusurwar taswira zuwa waccan a miƙe, garin da aka yi shekaru ana ginawa ya koma shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Masu wasa sun yi ta kuka da shi, domin ya zama makamin masu ɓata wa wasu aiki, har kamfanin ya rage masa ƙarfi a 2022. Matsalar ba ta tsaya ga rashin adalci tsakanin masu wasa ba: abin hawan ya cire dalilin kasancewar birnin. A 2024, sama da shekara ashirin bayan Vice City, Rockstar ya dawo da aikin kai fiza a GTA Online, da sabon Pizza Boy mai akwati a baya, ga mutanen da garejinsu ke cike da jiragen yaƙi da motocin miliyoyi. Ladan aikin bai kai abin da fashi guda ke kawowa ba, kuma kamfanin ya san da haka lokacin da ya saka shi. Abin da aikin ke bayarwa shi ne dalilin sake bin titunan Vespucci da Del Perro da Vinewood ɗaya bayan ɗaya, a nemi ƙofar gida, a tsaya, a sauka, a miƙa kwali.